Apa Tana Bakin Tafki

Lahadi, 9 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Yau na ga Apa.

Wata biyu ke nan ana ce mini tana bakin tafkin Isik-Kul, inda ake jinyar masu shanyewar ɓarin jiki da ruwan ɗumi. Ashe tana nan cikin garinmu Tokmok, a gidan ajiye tsofaffi. Bas ɗaya ce, a sauka bayan tsohuwar masaƙa, a shiga layi na biyu, gida mai koren ƙyaure.

Jipar jenge, matar Taalai baike, ita ta faɗa mini da safe muna wanke kwanonin shayi. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta ce, "Akilai, kin girma. Ga romo, ga gurasa, ki kai mata. Ni in na je, kwana nake ina amai. Kada yayanki ya ji. Kada kowa ya ji."

Zan rubuta wannan sau ɗaya, don littafin nan ya san ko ni wace ce. Apa na nufin uwa. A takarda dai kakata ce. Amma ni ce jikar fari, saboda haka ina da wata bakwai aka ɗora ni a cinyarta aka ce 'yarta ce, kamar yadda aka saba. Wanda ya haife ni Kubat baike nake ce masa, yaya ke nan, wadda ta haife ni kuma jenge, matar yaya. Shekararsu tara suna aiki a Mosko. Taalai baike shi ne autan maza, shi ya gaji gida, shi ke da riƙon Apa. Ni kuwa autar Apa ce gaba ɗaya. Haka take faɗa wa kowa a kasuwa.

Ginin tsofaffin yana can ƙarshen tsakar gida. Tagogin duk da ƙarafa. Ƙofar da kwaɗo ake kulle ta, ta waje. Mai kula da su, Gulbara eje (eje ita ce yaya mace), ta fito daga kicin da mabuɗi a rataye a wuyanta, ta ce, "Ta wa kika zo gani?" Na ce Zuurakan. Ban taɓa kiran sunan Apa da bakina ba sai yau.

Ta rame. Bakinta ya karkace, sai na sunkuya sosai nake gane maganarta. Ta ce, "Ɗan raƙumina. Wa ya nuna miki hanya?" Sannan ta ce, "Ina hularki? Dubi kunnenki."

A ɗakin akwai wata tsohuwa 'yar Rasha, Zoya. Ƙafafunta ba sa aiki amma bakinta lafiya lau. Ta ce, "Ke ce autar? Barka da zuwa bakin tafki, 'yan mata! Ga tafkin can a bokiti. Kada ki yi iyo, ba a zubar ba tun jiya."

Apa ta yi dariya da rabin baki. Na buɗe romon.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bakwai na safe

Na wanke rigata sau biyu. Har yanzu ina jin ɗakin a jikinta.

Laraba, 12 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Sabira eje maƙwabciyarmu ta tare ni a bakin famfo. "Yaya uwarki? Ruwan tafki ya karɓe ta?" Na ce e. Ta ce, "Ai Taalai ɗa ne. Ba irin 'ya'yan zamani ba, masu jefa uwa a gidan tsofaffi kamar tsohon takalmi. Ki ce ina gaishe ta, ta yi ƙiba ta dawo." Ta ba ni kwalbar zuma a aika mata.

Na yi godiya. Na ɓoye zumar a ƙarƙashin gadona.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, biyar da rabi na yamma

Ina ba Apa romo da cokali, hannun rigarta ya zame. Hannun dama ne, mai lafiyar. Na ga sawun ɗauri zagaye da wuyan hannun. Ta ja rigar da haƙoranta ta rufe.

Na sami Gulbara eje a kicin tana feraye dankali. Na daɗe a tsaye kafin na iya tambaya. Ba ta musa ba.

"Mutum goma sha tara, ni kaɗai," in ji ta. "Hannu nawa kika gani a jikina, ƙanwata? Uwarki ta manta ƙafarta ta mutu. Kullum da asuba sai ta ce za ta tashi ta tatsi saniya. Sau biyu ina tsintar ta a ƙasa. Kuma tsumman zanin gado ne, mai laushi, ba igiya ba. Ni ma 'yar mutane ce."

Na ce, ƙofar fa? In wuta ta tashi tana kasuwa?

"Tofar da yawu, kada ki jawo mana! Mai gidan ne ya ce a kulle. Bara wani tsoho ya fice da silifas, sai a bakin layin dogo aka same shi."

Hannuwanta duk sun tsattsage. Na so in ji haushinta, ban iya ba. Na taya ta feraye dankali guda shida, na tafi.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, biyu na rana

Gwajin lissafi. Na ci duka. Malama ta ɗaga takardata ta nuna wa aji, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, shida na yamma

Dusar ƙanƙara ta fara zuba shekaranjiya. Ba a kawo musu gawayin kwal na ɗumama ɗaki ba tukuna, sai mai gidan ya kawo hitar lantarki, ɗaya a kowane ɗaki. Wayar tasu an ɗaure ta da salatif a wuri biyu.

Jiya da safe ƙafar Apa ta hagu ta zamo daga gado. Ƙafar da ba ta ji. Hitar tana nan gefen gadon.

Zoya ce ta faɗa mini. Yau ba ta yi wasa ba. "Ni na fara jin ƙauri. Na ɗauka abinci ne a kicin. Na yi ihu har muryata ta dishe, ƙofa a kulle, Gulbara ta tafi sayen gurasa. Uwarki tana barci kamar jaririya. Ɗaga bargon, 'yan mata. Ɗaga, ki ɗauki hoto. Ni ba ni da kowa da zai ɗauki nawa."

Na ɗaga.

Gulbara eje ta shafa kitsen wutsiyar tunkiya ta naɗe da gyale. Ba a kira likita ba, wai mai gidan ya ce zai warke da kansa.

Apa ta ce, "Rufe, ɗan raƙumina. Ba kyau mace ta bar ƙafa a waje."

Hotuna biyar na ɗauka. Uku ba su fito ba.

Ba zan rubuta yadda take ba.

Talata, 25 ga Nuwamba, bakwai na dare

Taalai baike ya dawo da babbar motarsa daga Osh. Na bari ya ci abinci, ya sha shayi kwano biyu. Na zuba na uku, na ajiye wayata kusa da kwanon.

Ya daɗe yana kallo. Jipar jenge ta tashi ta fita da yara.

"Wa ya kai ki?"

Na gyara zaman butar shayin.

"Zan yi magana da mai gidan. Zan sa ya kawo likita."

Na ce, "Baike, mu dawo da ita gida." Muryata kamar ta sauro.

"Wa zai ɗaga ta? Wa zai juya ta? Ni kwana biyar a sati ina kan hanya. Jengenki tana shagon ɗinki daga safe har magariba, ga ciki wata shida. Kin manta ranar da muka dawo muka same ta a ƙasan kicin tun hantsi? Ko ke za ki bar makaranta?"

Na ce zan bari.

"Ki bari, Apa ta tsine mini? Ita da ta sayar da saniyarta don ki yi karatu?" Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "Kuma mu dawo da ita haka, mu ce wa mutane me? Tafki ne ya ƙona ta?"

Ya goge hotunan ɗaya bayan ɗaya ya miƙo mini wayar. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ki yi karatunki, autar Apa. Wannan nauyina ne."

Bai san wayar tana ajiye abin da aka goge har kwana talatin ba.

Laraba, 26 ga Nuwamba, uku na yamma

Na kira Mosko daga bayan ɗakin gwaji na makaranta. Kubat baike ya saurara har ƙarshe, ina jin ƙarar injina a bayansa. Ya ce, "Gida na Taalai ne, riƙo na Taalai ne. In na sa baki, na ce ƙanena ya kasa ke nan. Zan kira shi a hankali." Sannan ya ce, "Kina cin abinci dai?"

Ya ba wadda ta haife ni. Ta yi kuka. Ta ce, "'Yata." Ba ta taɓa kirana haka ba. Na ce, "Jenge, an kaɗa ƙararrawa."

Ba a kaɗa ba.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, biyar na yamma

Malamin tarihi ya taɓa cewa akwai ofishi kusa da gidan waya inda lauya ke ba da shawara kyauta ranar Juma'a. Na wuce ƙofar sau uku kafin na shiga.

Sunanta Elmira Sadikovna. Ba ta cire kwat ɗinta ba, ofishin ma da sanyi. Ta dubi hotunan, ta cire tabarau, ta sake sawa.

"Mece ce ita a wurinki?"

"Uwata ce."

"Shekararta saba'in da huɗu, ke sha shida." Sai ta gane. "A, ke ce ta fari. Ni ma haka aka yi da yayata. Amma 'yata, alƙali ba ya karanta abin da ke cinyar kaka. A takarda ke jika ce, kuma ba ki kai sha takwas ba."

Ta ce in rubuta, na rubuta a bayan littafin kimiyya:

Wanda ya sa hannu a yarjejeniya da gidan yana iya kai ƙara, ya nemi diyya, ya ɗauke ta ko yau. Taalai baike ke nan.

Ofishin jin daɗin jama'a, kowa yana iya rubuta musu, har ni. Amma suna da kwanakinsu na amsa wasiƙa, kuma ba kasafai suke zuwa ba sanarwa ba.

Ita Apa da kanta. In hankalinta yana nan, kuma ba kotun da ta ce ba ya nan, to ba ta buƙatar izinin ɗa ko jika. Ta faɗi da bakinta abin da ya faru, ta sa hannu, lauya ta kai wa mai gabatar da ƙara. Shi zai turo likitan hukuma ya duba ƙafar ya rubuta. Da wannan takardar ana iya kai ta asibiti ranar, a kuma buɗe bincike a kan gidan.

Na ce hankalin Apa ya fi nawa.

"To shi ke nan. Asabar ta sama zan bi ki. Kafin nan a nemo likita, ko ta halin ƙaƙa. Wannan ƙafar ba ta jiran doka."

Na fito ina jin yunwa, karon farko a sati biyu. Na sayi sambusa mai zafi na ci a tsaye a titi, abin da Apa ta hana ni.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, shida na yamma

Likitan da mai gidan ya kawo ɗan'uwansa ne, mai sayar da magani. Ya bar man shafawa. Gefen ƙunar ya yi baƙi.

Ban faɗa wa Apa zancen lauya ba. Na ce zan zo mata da baƙuwa. Ta ce in taho da sabon ɗankwalinta mai furanni.

Litinin, 1 ga Disamba, huɗu na yamma

Na kai wasiƙa ofishin jin daɗin jama'a. Sau huɗu na kwafe ta don kada a sami kuskure. Matar da ta karɓa ta buga hatimi, ta ce rubutuna da kyau.

Asabar, 6 ga Disamba, huɗu na yamma

Zan rubuta yadda abin ya faru, a jere, ba zan ƙara komai ba.

Na zo da Elmira Sadikovna, na ce wa Gulbara eje malamarmu ce. Ta buɗe kwaɗo. Na ɗaura wa Apa ɗankwalin, na jingina ta da matashi biyu. Elmira Sadikovna ta gaishe ta da hannu biyu, ta zauna a bakin gado, ta faɗa mata ko ita wace ce. Ba ta ɓoye ba. Ta tambaye ta sunanta, da shekara, da garin da aka haife ta. Apa ta amsa duka, har ta gyara mata sunan ƙauyen.

"Apa, kin yarda in ga ƙafar?"

Apa ta dube ni. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "In na sa hannu, ana zuwa kotu?"

"Mai yiwuwa."

"Ana kiran sunan wanda ya kawo ni?"

"Za a tambaye shi, a matsayin shaida kawai. Ba shi ake tuhuma ba, mai gidan ne."

"Amma za a kira sunansa. A gaban mutane."

"E."

Apa ta gyara bargon da hannunta mai lafiya. Ta yi magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa jin bakinta ya fito sarai haka ba tun da ciwon ya same ta.

"Ni na ɗora ƙafata a kai. Sanyi nake ji. Ba wanda ya yi mini komai a nan. Ni na ce a kawo ni, ɗana yana kuka yana roƙona in zauna. Rubuta haka, 'yata."

Zoya ta ɗago daga gadonta. "Zuura, tsohuwar banza! Kwana uku kika yi kina kiran sunansa da ya ajiye ki! Ke lauya, ba ni biron ni in sa hannu!"

"Ke ba ki haifi ɗa ba, Zoya. Yi shiru."

Lauya ta ce, "Apa, ƙafar nan za ta iya kashe ki."

"Na sani. Ƙafa tawa ce. Shi kuma shekara arba'in zai yi yana tafiya a garin nan bayan ni. 'Ya'yansa mata biyu ne, za a zo neman aurensu, za a tambayi gidan wa suka fito."

Na durƙusa a gaban gadon. Na ce, "Apa, don Allah." Shi ke nan abin da na iya faɗa. Na yi ta maimaitawa.

Ta ce, "Tashi. Na raine ki da hannun nan don ki kawo baƙo ya ƙirga aibin yayanki? Zuba wa baƙuwa shayi."

Babu shayi a ɗakin.

A waje Elmira Sadikovna ta ce za ta rubuta abin da idonta ya gani, kwaɗon da wayar hitar, ta haɗa da maganar Zoya, ta aika. Ta ce amma wadda aka ƙona ta ce ita ta ƙona kanta, wannan sai ya raunana komai. Ta ce, "Ba ita ce ta farko ba. Duk wata ina ganin irinta." Ta ɗaure mini maɓallin wuyan kwat ɗina kamar ƙaramar yarinya.

Lahadi, 7 ga Disamba, takwas na dare

Ban je ba. Jipar jenge ta zuba romon a kwalba, na ce kaina yana ciwo. Ba ya ciwo.

Talata, 9 ga Disamba, bakwai na safe

Ban je ba Lahadi.

Alhamis, 11 ga Disamba, shida na yamma

Gulbara eje ta kira wa Apa motar asibiti da kanta, ba ta tambayi mai gidan ba. Ta ce ko ya kore ta. Zazzaɓin ya fara tun ranar Lahadi.

Tun ranar Lahadi.

Taalai baike ya bar motarsa a kan hanyar dutse ya shigo tasi. Likita ya fito da shi baranda. Na ji yana cewa dafin ya shiga jini, na ji yana cewa "da an kawo ta sati biyu da suka wuce, da…". Ban ji sauran ba, Taalai baike ya juya wa bango fuska.

Juma'a, 12 ga Disamba, azahar

An bar ni na shiga minti goma. Ta buɗe ido. Na ce, "Apa, ki yafe mini Lahadi." Ban sani ba ko ta ji. Ta motsa baki, na sunkuya.

"Wa ya sani?"

Na ce ba kowa.

"Yauwa," in ji ta.

Lahadi, 14 ga Disamba, tara na safe

Apa ta rasu. An kafa ɗakin ulu, tantin makoki, a tsakar gida. An yanka doki, kamar yadda ake yi in babba ya rasu.

Litinin, 15 ga Disamba, biyar na yamma

Mutane sun cika layi. Maza suna tsaye a waje jikin ɗakin ulun suna kuka, mu mata muna ciki. An zaunar da ni a wurin 'ya, kusa da labulen da gawar take bayansa. Kubat baike da jenge sun iso da asuba, su ake jira kafin a rufe ta gobe.

Abin da ake faɗa shi ne zuciyarta ce ta tashi a bakin tafki, aka garzayo da ita asibiti. Sabira eje ta ce wa Taalai baike, "Ka yi iyakar yinka, ɗana. Ba kowace uwa ce ke ganin tafki a ƙarshen ranta ba."

Elmira Sadikovna ta kira ni, na shiga rumfar kwal na amsa. Ta yi mini gaisuwa. Ta ce saura hanya ɗaya: iyali su nemi likitan hukuma ya duba kafin a rufe ta. Ana rufe ta, shi ke nan. Ta ce ɗayan 'ya'yanta maza ya isa.

Na sami Kubat baike yana raba nama. Na tsaya a bayansa har ya juyo. Ya ce, "Mene ne, Akilai?" Akwai dattawa uku a wurin. Na ce, "An ce a ƙaro shayi."

Talata, 16 ga Disamba, huɗu na yamma

Akwai abin da Taalai baike bai yi tunaninsa ba, ni ma ban yi ba. Wanka.

Mata biyar aka zaɓa, ɗaya daga kowane ɓangaren dangi, kamar yadda ake yi don kada wani ya ce an raina shi. Babbarsu Burul eje, ƙanwar Apa, wadda ta zo daga Kockor. 'Yan mata ba sa shiga, ni ina bakin ƙofa ina miƙa butar ruwan ɗumi.

Da farko ina jin ƙarar ruwa da addu'a. Sai ruwan ya tsaya. Wata ta ce, "Wayyo Allah." Burul eje ta ce, "Rufe bakinki." Sannan ruwan ya ci gaba.

Da suka fito, Taalai baike yana tsaye da kayan Apa a hannu, rigunanta da ɗankwalaye, don ya ba kowace mai wanka rabonta. Huɗu suka karɓa ba su dube shi ba. Ya miƙa wa Burul eje rigar karan-miski, wadda ta fi kowace kyau. Ta sa hannayenta a baya. Ya tsaya da rigar a miƙe, mutane suna kallo. Sai ta ce da ƙarfi, "Hannuna a jiƙe yake, ɗana. Ba wa yarinyar nan ta ajiye mini."

Bayan maza sun tafi maƙabarta na bi Burul eje can bayan ginin gidanmu. Tana zaune a kan itace tana kallon tafin hannunta. Na faɗa mata komai. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka da babba ba. Na ce su biyar ne, manya ne, sun gani da idonsu, lauya za ta iya rubuta maganarsu. Na ce akwai mutum goma sha takwas a gidan har yanzu.

Ta ce, "Ita ta ce a faɗa?"

Na ce a'a.

"To. Abin da aka gani bayan labule, ruwa ya tafi da shi. Yayata ta ba da ƙafarta don ta rufa wa ɗanta asiri, ni ce zan yaye?" Ta share hanci da bakin ɗankwali. "Ba zan sake cin gurasar gidan nan ba har in mutu. Wannan ne hukuncina, ba ni da wani."

Juma'a, 19 ga Disamba, uku na yamma

Amsar wasiƙata ta zo. Sun gode da kishina. Za su ziyarci gidan ranar 29 ga wata, kuma sun sanar da mai shi.

Lahadi, 21 ga Disamba, biyar na yamma

Taalai baike ya kai ni gidan tsofaffin mu ɗauko sauran kayan Apa. Ya tsaya a bakin layi, bai kashe mota ba. Ya ce, "Ki yi sauri."

An yi wa baranda sabon fenti. Gulbara eje tana nan, bai kore ta ba, bai sami wata ba. Ta miƙo mini leda ɗaya. Zoya ta juya wa ƙofa baya, na gaishe ta ba ta amsa ba. Ina fita ta ce, "Ki riƙa zuwa mana, ko don ki ji ana zagi." Na ce to. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa.

A bakin ƙyaure na ci karo da wani mutum, sa'an Kubat baike, ya goyo wani tsoho a bayansa. Tsohon yana sanye da farar hular ulu sabuwa, da lambobin yabo a ƙirjin kwat, an aske shi tas. Ya riƙe wuyan ɗansa da hannu biyu yana kallon ginin.

Mutumin ya ga ledar hannuna. Ya ce, "Ƙanwata, naki yana nan? Ana kula da su dai?"

Taalai baike ya danna hon.

Na ce, "A'a, baike. Ba a kula da su. Ana kulle su, ana ɗaure su. Uwata a nan ta ƙone, Talata aka rufe ta."

Na faɗa da ƙarfi, har Gulbara eje ta ji daga baranda.

Mutumin ya tsaya. Ya dubi ƙasa. Ya gyara goyon, don tsohon ya fara zamewa. Ya ce, "Allah ya ji ƙanta." Sannan ya ce, a hankali yadda uban ba zai ji ba, "Gida huɗu na zaga. Nan ne kaɗai ke da gado. Jirgina gobe da safe ne."

Tsohon ya ce, "Me yarinyar ta ce?"

"Ta ce akwai ɗumi a ciki, Ata."

Hannayensa duka biyu suna riƙe da uban, ba zai iya tura ƙyauren ba. Ni na riƙe masa.